Ko ruwan zartsi zai yi wa tsarin haɗa kiwon kifi da noman ganye?

Manomi daga Rigachikun: Assalamu alaikum. Na ji ana bincike a kan tsarin da ake kiwon kifi a tanki, a tura ruwan zuwa ga shuke-shuken da ba su cikin ƙasa, su tace shi ya koma wa kifi, har ma ana gwada shi da ruwan zartsi tare da na'urorin da ke aika awo zuwa waya. Rijiyar burtsatsen gonata tana da ɗan zartsi. Malamai, shin zan iya amfani da ita?

Malamar kimiyya, Barnawa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin komai a kai ruwan ɗakin gwaji, domin harshe ba ya bambance gishiri da kanwa ko ƙarfe, kuma a Mando da ke Kaduna akwai Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da za a iya neman shawararta. Abin da masana ke kira ruwan zartsi shi ne mai gishirin da ya kama daga rabin giram zuwa giram 30 a lita guda, na teku kuwa kusan 35 ne. Irin wannan ruwa ya fi yawa a Legas da yankin Neja Delta, shi ya sa binciken ya fi shafar su.

Ginshiƙin tsarin shi ne ƙwayoyin bakteriya masu mayar da amoniyar da kifi ke fitarwa zuwa naitiret, wanda shuka ke sha a matsayin taki. Karfasa ta fi tarwaɗa jure gishiri nesa ba kusa ba, tumatir kuma ya fi latas, wanda bakin ganyensa ke ƙonewa da wuri. Babbar matsalar a ganina ita ce ruwan yana zagayawa ne ba a zubar da shi, saboda haka idan zafin Maris da Afrilu ya ƙafar da wani sashe, gishirin yana nan, kuma duk ƙarin da aka yi daga rijiyar ƙara shi yake yi.

Mai kiwon tarwaɗa, Kakuri: Malama ta yi bayani. Game da na'urori, wadda na fi ba muhimmanci ita ce mai auna oksijin, domin idan aka ɗauke wuta da tsakar dare injin hura iska ya tsaya, kafin asuba za ka tarar da kifi sun taso sama suna haki. Saƙon waya ba zai amfane ka ba idan babu sola ko janareta a shirye. Kuma bakin na'urar yana yin gansakuka, in ba a wanke shi ana daidaita shi ba sai ya riƙa ba da awon ƙarya.

Manomi daga Rigachikun: Na gode ƙwarai. Malama, idan gwajin ya nuna gishirin kaɗan ne, tara ruwan sama da damina don sirkawa zai wadatar har ƙarshen rani?

Malamar kimiyya, Barnawa: Wannan ya danganta da girman tankin ajiyarka, Malam. Ka kawo mana sakamakon gwajin da yawan litar da tsarin zai ɗauka, sai mu yi lissafin tare.