Rami mai tsukewa: G71 ta isa, ko sai an shiga CAM?

Ɗan Koyo: Salamu alaikum, manya. An ba ni kan kofulin (abin haɗa shaf biyu) in yi a injin juya ƙarfe na CNC mai aiki da kwamfuta, ramin cikinsa mai tsukewa ne 1:10, milimita 60 a baki, 50 a ƙasa, zurfi 100, kuma bai ɓulle ba. Na huda da diril mai milimita 45. Ogana ya ce ɓata lokaci ne in buɗe Fusion 360, manhajar CAM mai tsara wa inji hanyar sara daga zane, don saran farko; wai G71, lambar saran farko da ake rubuta wa injin da hannu, ta isa. Haka ne?

Baba Mai Shago: Wa alaikumus salam. Oganka ya yi gaskiya, yarona. Layi biyu na G71, siffar ramin a tsakanin layukan da P da Q suka nuna, sai G70, lambar sharar ƙarshe, ta share. Ka sa X na farawa, wato faɗin da za a fara sara, ɗan ƙasa da 45, kada haƙorin yanka ya yi ta saran iska. Abu ɗaya kar ka manta: aikin ciki ne, U na layi na biyu, wato ragowar da ake bar wa sharar ƙarshe, sai da alamar ragi. In ka bar shi kamar na aikin waje, ramin ya wuce awo, ƙarfen ya tashi a banza.

Injiniya: Baba, da girmamawa, ban yarda ba. Rubuta lambar ai ba wuya. Damuwata tsakin ƙarfe ne. G71 tana sara ne a miƙe, daga baki zuwa inda ta tarar da gangaren. Saran farko shi ya fi zurfi, kuma a lokacin ramin ya fi matsewa. Sandar da ke riƙe haƙori mai kauri 32 cikin rami 45, ƙasa a toshe, ina tsakin zai bi? A CAM zan raba zurfin gida biyu, in fito da sandar gaba ɗaya ruwa ya wanke ramin, sannan in koma.

Baba Mai Shago: Wannan ma da hannu ana yi. G71 biyu.

Injiniya: Ana yi, Baba, amma na biyun zai sake bin inda na farko ya riga ya cinye. Kwamfuta tana tuna abin da ya rage, shi kaɗai take bi. Kuma tana nuna min ko bayan sandar zai goga bango kafin in taɓa ƙarfe. Na taɓa karya sanda a irin wannan rami, tsaki ya cushe a bayan haƙori, ban ji ba sai da ƙara ta tashi. Tun ranar ba na wasa da ramin da bai ɓulle ba.

Oga Tana: Ku duka kun tsallake abin da ke kashe irin wannan aiki. Sandar 32 a zurfi 100, da ɗan sararin baki, ta haura ninki uku na kaurinta. Sandar ƙarfe iyakarta kusan ninki huɗu, ta kabayid wajen shida. Ka leƙo da ita fiye da buƙata, karkarwa za ta zana maka bango, ko G71 ce ko manhajar CAM irin Mastercam.

Sai hancin haƙori, wato ɗan lanƙwasar da ke tsininsa. In milimita 0.8 ne kuma ba ka kunna G41, lambar da ke lissafa hancin, a sharar ƙarshe ba, faɗin zai kauce da kusan 0.08. A ido ba komai ba ne, amma a tsukewar 1:10 shaf ɗin zai zauna nesa da mazauninsa da kusan milimita 0.8. Mai kaya zai dawo maka da shi.

Injiniya: Wannan ai hujjata ce, Oga. CAM tana lissafa hancin da kanta.

Oga Tana: Tana lissafa wanda ka gaya mata. Ka rubuta 0.4 ka ɗaura 0.8, ka ga abin da zai fito.

Baba Mai Shago: Guda nawa ne ma, yarona?

Ɗan Koyo: Guda uku, Baba.

Baba Mai Shago: To ni kafin ka gama zana shi a kwamfuta na sauke na farko. Da ɗari ne, da na saurari Injiniya.

Injiniya: Ni ko ɗaya ne zan zana, tunda ƙarfen na mai kaya ne kuma babu na canji. Ƙanena, in za ka bi Baba, rage zurfin sara zuwa milimita 1, ka sa M00, lambar tsayar da inji, a tsakiya ka leƙa ramin da tocila.

Ɗan Koyo: Na gode, manya. Zan yi na farko da G71 biyu, in shafa wa shaf ɗin shuɗin gwaji in ga yadda ya kama bango. Zan turo hoton gobe in Allah ya kai mu.