Giya ba ta shiga sai da ƙara, kulochi ne ko giyabos?

Ɗan Gumel: Salam ƴan uwa, dan Allah masu sanin mota ku taimaka. Golf 3 ce nake lodin Gumel zuwa Maigatari da ita, kwanan nan in zan saka giya ɗaya ko ribas sai na yi ta kokawa tana ƙarrr kamar za ta tarwatse, wani bakanike ya ce wai sai an sauke giyabos gaba ɗaya, ni kuma wlh ba ni da kuɗin nan yanzu ga kasuwar Alhamis ta matso. Zan iya lallaɓawa da ita haka?

Baban Hafsa: Wslm. Kar ka yarda a sauke komai tukuna. Kashe motar ka gwada giyoyin duka, in suna shiga sumul amma da ka tayar sai su ƙi, to kulochi ne ba ya saki sosai, giyabos ɗinka lafiya lau. Ribas ita ke fara kuka dama don ba ta da sinkro irin na sauran, wato zoben da ke daidaita juyin giya kafin ta shiga. A fara duba kebur ɗin kulochin, yawancin Golf 3 kebur ne, in shi ne ya yi sako-sako aikin ba shi da tsada. A duba man giya ma, mutanenmu sai a shekara ana juyen baƙin mai ba a taɓa leƙa shi ba.

Direban Ringim: Gaskiya Baba ya faɗa. Kuma malam ka duba ƙafarka, da yawanmu muna ɗora ƙafa kan kulochi ana tafiya, ko a riƙe mota da rabin kulochi a cikin yashi da lodin buhuna har ka ji ƙauri, wannan shi ke cinye filet, wato faifan kulochi. In kana son sanin ko ya ƙare, ja hambirki ka sa giya uku ka saki kulochi a hankali, in injin bai mutu ba to filet ya tafi.

Ɗan Gumel: Na gwada yanzu, a kashe duk suna shiga. Allah ya saka da alheri.

Baban Hafsa: To ka gani. Kafin a gyara, sa giya biyu tukuna sannan ka wuce ribas, ƙarar za ta ragu, kar ka danna da ƙarfi haƙoran za su ci juna. In filet ne ka je kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano da bakanikenka ku sayo har da rilis bearin, wanda ke sa kulochi ya saki in ka taka, kar a buɗe sau biyu.