Abin da na tsinta a hirar mata kan shanyewar jikin yara

Jiya mun daɗe muna tattaunawa kan yaran da wuyansu baya tsayawa, basa zama ko tafiya akan lokaci saboda lahani a ƙwaƙwalwa, toh ga abin da na riƙe.

Cikin abubuwan da ke jawo wannan lahani, doguwar naƙuda ce aka fi nanatawa, mace ta kwana tana fama a gida ana cewa ta ƙara haƙuri, jariri ya fito bai yi kuka ba don iska ta yanke mishi. Dan Allah a tafi asibiti da wuri.

Sai shawara, wallahi nan na fi jin tsoro. Idon jariri ya yi ɗorawa ba ruwan gulukos bane magani, asibiti za'a kaishi a sa shi a fitilar da ake maganin shawara da haskenta kafin shawarar ta taɓa ƙwaƙwalwa, kuma a daina sa kafur cikin kayan jariri, yana fasa jinin wasu yaran har ya jawo musu shawara.

Awo kuma kar a yi wasa dashi, hawan jini da jijjiga nan ake gano su, a duba rukunin jini ma. Bakwaini da tagwaye suna buƙatar kulawa sosai. Zazzaɓi mai zafi da taune-taune a jikin yaro, sanƙarau ko maleriya ne mai yiwuwa, kar a kwana dashi.