Na yanka atamfar lefena don bargon amarya, furannin sun ƙi haɗuwa

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku agaza min, kaina ya kulle. Ƙanwar maigidana za a aurar ƙarshen watan nan, kuma ni ce na buɗe baki gaban Hajiya surukata na ce zan ɗinka mata bargon gado irin na haɗe-haɗen nan da ake yanka ƙyalle mai zane iri ɗaya a jera shi ya fito kamar tauraro, irin abin da ake gani a abin wasan yara mai madubai a ciki. Hajiya dama tun da na fara ɗinki take cewa kekena ado ne, matar yayansu kuma ta riga ta sayi labulaye da kafet, kullum sai an ambata. Shi ya sa ban sayi yadi ba, na ɗauko turmin atamfa mai tsada daga lefena, wadda Hajiyar ce ma ta zaɓa da hannunta, don ta ga na yi kara. Na raba shi gida shida, na ɗora, na yanka alwatika. Yanzu in na haɗa shidan babu wani tauraro, fure nan ganye can, tsakiyar kuma ta tashi kamar hular yaro. Me zan yi?

Anti Laraba: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, gida shida da kika ce, da me kika auna? Wannan aikin ba da yadi ake raba shi ba, da maimaicin zane ake rabawa. Ki samu fure ɗaya kusa da bakin atamfar, ki bi da tef har inda irinsa sak ya sake fitowa, wannan tazarar ita ce awonki. Turmi yadi 6 ne, wato inci 216. In zanen yana dawowa duk inci 24, falle shida sun ci inci 144, yadi 4, saura 2 ki yi baki da shi. In kuwa kin yanka yadi ɗai-ɗai alhali zanen ba a inci 36 yake dawowa ba, furen falle na farko ba zai taɓa hawa kan na biyu ba.

Maman Ilham: Anti, yadi ɗai-ɗai na yi, amma ai a bidiyon da na kalla haka matar ta yi, ta ninka kawai ta yanka. Kuma shekarata nawa ina yanka riga, hannuna ba ya karkacewa.

Anti Laraba: Ba a ce hannunki ya karkace ba. Ita waccan ta riga ta soke fallayenta kafin ta kunna kyamara. Ana cusa allura a tsinin ganye ɗaya, ta ratsa falle shida duk a wannan tsinin, a yi haka a wurare da yawa, a ɗaure da zare, sannan a yanka ɗauri ɗaya. Almakashi yana ture na ƙasa, wuƙar yanka mai taya ake so da rula. Alwatikan kuma kowace kusurwa digiri 60, shida su ba ki 360. Ko digiri ɗaya ya ragu, tsakiya sai ta tashi. In kina son mai gefe takwas, falle 8 ne a digiri 45.

Ummu Sadiq: Ni dai abin da ya tsaya min shi ne atamfar lefe da kika yanka saboda dangin miji. Na yi wa tawa ƙanwar mijin zanin gado kala uku, ko godiya. Ranar jere a ƙasan akwati na gan su.

Hajiya Mairo Kakuri: Ai ku yara ba ku ga yadi ba. Mahaifinmu a masaƙa ya yi aiki nan Kakuri, lokacin da jiniya ke tayar da unguwa. Tun 1957 aka buɗe Kaduna Textiles, audugarmu ce, yadin kuma a yanka shi ya tsaya inda aka ajiye shi. Yanzu kusan duk an rufe, sai na waje mai santsi. Ki wanke sauran kafin ki taɓa, kada ya zuba ko ya tsuke bayan kin gama.

Anti Laraba: Hajiya, a yi haƙuri, a nan ban yarda ba. Wanki yana jirkita zane, falle ɗaya ya ja fiye da ɗan uwansa. Sitaci za ta ƙara ma, domin gefe biyu na kowane alwatika a karkace aka yanka su, suna miƙewa. Guga kuma dannawa ake yi a ɗaga, ba gogawa ba. Sannan wani abu: atamfa ta asali mai kakin nan, ɗigo-ɗigonta da tsage-tsagenta ba sa maimaita kansu daidai, launi ma yakan ɗan zame daga layi. Mai arha da inji ya buga fuska ɗaya ta fi ta biyayya a wannan aikin. Ki shiga Kasuwar Barci ko ta Gumi da tef ɗinki, ki nemi mai manyan furanni da launi da yawa.

Maman Ilham: Anti, mai arha fa? Hajiya da ido ɗaya take gane atamfa. Gara in bari da in kai abin da za a yi da ni. Kuma ban wanke ba, amma na goge da dutsen gawayi saboda babu wuta.

Ummu Sadiq: Ki sayi bargo na kanti ki huta, sanyin hunturu bai san tauraro ba.

Zee Barnawa: Nawa kika riga kika yanka? In da saura a fallayen, za a iya sake saita su kan fure ɗaya a datse rarar. Waɗanda suka lalace ki baza su bisa launi, su ma suna kyau. Kuma uku-uku ake haɗawa, rabi da rabi, a ɗinka layi-layi, bakin ɗinki kwatan inci ko'ina.

Anti Laraba: Shi ne nake tambaya tun ɗazu, inci nawa ne maimaicin? Ki ɗauko hoton ragowar da tef a kai.

Maman Ilham: Zan duba in na dawo daga gidan Hajiya, an kira mu rabon anko. Amma ni har yanzu ina zargin keken ne, tun da aka gyara shi yake jan ƙyalle. Akwai wadda ta san mai gyara na kirki wajen Rigasa?