Na'urar GPS ta mota ko wayata ma ta isa? Ku ban shawara

Dan Kwari:
Slm 'yan uwa, don Allah ina neman shawara. Ina kai atamfa da shadda Damagaram, ta Daura nake bi in tsallaka ta Kongolam, wani lokacin kuma Maraɗi ta Jibiya. Babbar hanya ba matsalata bace na santa kamar yunwar cikina, matsalar in na shiga gari kwastoma yace zo unguwa kaza bayan masallaci kaza sai in yi ta zagaye ina ƙona mai, ga shi da na tsallaka boda data ta ɗauke. Wani mai shago ya nuna min na'urar GPS ta Garmin 'yar tokumbo, sikirin inci 5, yace bata buƙatar layi ko data. Da gaske ne? Kuma in zan saya me zan duba? Yaron gidana kuma cewa yake in sa babban sikirin na Android kawai a dashbod.

Injiniya:
Wslm Alhaji. Maganar mai shago gaskiya ce amma rabi ya faɗa maka. GPS dama baya buƙatar data ko a wayarka. Taurarin ɗan adam ne na Amurka suna can sama kusan kilomita 20,200 suna turo sigina kyauta, na'urar sauraro kawai take yi, in ta kama guda 4 ta san inda kake tsaye. Abin da ke cin data shi ne taswirar da ake ɗora ka a kai. To a nan gizo ke saƙa, domin yawancin irin waɗannan na tokumbo daga Amurka ko Turai aka kwaso su, taswirar can ce a ciki, zaka kunna ta a Kano ta nuna maka kibiya a kan fili fetal, in ka ci sa'a ka ga layin babbar hanya ɗaya ya ratsa. Kafin ka ciro ko sisi ka fito da ita waje ƙarƙashin sama, don a cikin shago bata kamawa, ka jira ta kama, sannan ka rubuta Zinder (ba Damagaram ba, taswira da Zinder ta san shi) ka ga ko zata fito da titunan cikin gari. Ka duba kuma akwai wajen sa mimori, don in akwai ana iya zuba mata taswirar OpenStreetMap ta Najeriya da Nijar kyauta, sai dai aikin yana son wanda ya ɗan iya kwamfuta. Batiri kuma kar ka sa rai, tsofaffin nan da ka zare su daga caji suke mutuwa.

Ni dai da nine, zan fara gwada waya. A Google Maps akwai wajen sauke taswira ka ajiye, ka sauke yankin Zinder da Maraɗi tun kana gida, zata nuna hanyar mota ba data, illa dai ba zata gaya maka inda akwai gosulo ba. Akwai OsmAnd da Organic Maps ma, su ƙasa guda ake saukewa. Sannan wayoyin yanzu ba na Amurka kaɗai suke kamawa ba, har GLONASS na Rasha da Galileo na Turai da BeiDou na Sin, shi yasa sukan riga tsohuwar na'ura kamawa.

Mai Sharon:
Injiniya ka yi bayani amma ka manta da rana. Wlh watan Afrilu ka maƙala waya a gilashin gaba tana caji tana taswira, kafin ka kai Kazaure ta yi zafi kamar dutsen guga ta rage haske ko ta kashe kanta, ni batirin tawa har kumbura yayi ya ɗaga murfi. Ga kira, kana daf da kwana sai oga ya bugo sikirin ya rufe. Shi yasa na ware tsohuwar waya ba layi a ciki, taswira kawai, na sa ta a maƙalin bakin AC.

Sikirin Android kuwa yana da kyau tunda ga kyamarar baya, amma Alhaji ka yi hattara da masu araha, na taɓa sa wani an rubuta RAM 4 (mimorin da ke sa shi sauri) a kwali ashe ko 2 bai kai ba, kafin taswira ta buɗe na wuce shatale-talen. Kuma ka tsaya a kan mai wayarin ya sa eriyar GPS ɗin inda take ganin sama, kar ya cusa ta ƙarƙashin ƙarfe.

Hajiyar Kaduna:
Ni abu ɗaya zan ƙara. Duk wadda ka saya gajeriyar hanya ta sani, bata san hanyar da mutane suka daina bi ba. Mu ta taɓa karkatar da mu wata burji da yamma wai ta fi kusa da minti 20, Allah ne ya sa maigida ya tsaya ya tambayi masu shayi suka ce ku juya maza. Tsakanin gari da gari ka tambayi direbobi a tasha. Sannan kar a haɗa ka da tiraka a ce GPS ce, ita tiraka ta gano mota ce in an sace, layi ake sa mata, bata nuna maka hanya.

Dan Kwari:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Na koma shagon ɗazu na rubuta Zinder bata san shi ba, sai garuruwan Amurka take jero min, amma akwai wajen mimori. Na ce masa ya ajiye tukuna. Injiniya taswirar Nijar ɗin nan zata ci wuri da yawa? Don wayar tawa hotunan atamfa sun cika ta.