Neman Hausar "black sheep": zakka ko baragurbi?

Jama'a, assalamu alaikum. Ina koyar da Turanci a wata makarantar sakandare, kuma a wannan makon muka iso kan maganganun Turawa da suka shafi dangi da kamanni. Yawancinsu ba su ba mu wahala ba. Da na rubuta "spitting image" a allo, wato ɗan da ya ɗebo kamannin mahaifinsa sak, tun kafin in rufe baki wata ɗaliba ta ce ai shi ne "kamar ya yi kaki ya tofar". Ita ma "like father, like son" nan take ta samu gurbi, domin barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Inda muka cije shi ne "black sheep of the family", wato mutum guda da ya saɓa wa halin gidansu har dangi suke jin nauyin ambatonsa.

Na sha ganin ana rubuta "baƙar tunkiya", kuma a ganina wannan fassara ba ta isar da komai ga Bahaushe. Maganar ta taso ne daga Ingila, inda ake kiwon tumaki saboda ulu. Farin ulu yana karɓar kowane irin rini, baƙi kuwa ba ya rinuwa, saboda haka ba ya daraja a kasuwa, ga shi kuma farar tunkiya da farin rago suna iya haifar baƙin ɗa idan dukansu biyu suna ɗauke da wannan gado a ɓoye. Mu kuwa tumakinmu, Balami da Uda da 'Yankasa, gashi gare su, don nama da layya da suna ake kiwonsu. Uda ma rabin jikinta na gaba baƙi ne ko ja, kuma babu mai raina ta a kara saboda launinta.

Abokan aikina sun kawo kalmomi biyu. Ta farko ita ce baragurbi, ƙwan da kaza ta bari a gurbi bayan sauran sun ƙyanƙyashe. Hoton ya yi kyau, domin uwa ɗaya ce ta kwanta a kansu duka, amma kalmar ta yi nauyi. Baragurbi ruɓaɓɓe ne, ba a sa ran komai daga gare shi, alhali Bature yakan kira mutum "black sheep" ko da laifinsa bai wuce ya zama makaɗi a gidan malamai ba.

Ta biyu ita ce zakka, kamar yadda iyayenmu ke cewa wane ya fita zakka a gidansu, kuma ita zuciyata ta kwanta da ita. Mai tumaki 40 yakan fitar da guda ɗaya, manomin da ruwan sama ya shayar da gonarsa yakan fitar da kashi 1 cikin 10, don haka ma'anar ɗaya da aka ware daga cikin 'yan uwansa tana nan cikin kalmar tun asali. Wani malami ya yi mini gyara cewa fita zakka takan zo da yabo, kamar yaron kirki a gidan da tarbiyya ta yi ƙaranci. Gaskiyarsa ne, sai dai idan aka faɗe ta ba ƙari a kan ɗan gidan mutunci, kowa ya san inda aka dosa.

Abin da zan rubuta wa ɗalibaina ke nan: "black sheep" shi ne wanda ya fita zakka a dangi, baragurbi a ajiye shi ga wanda ya lalace ƙarara, idan kuma da uba kaɗai ake auna ɗan, sai a ce albasa ba ta yi halin ruwa ba.