Shawarwarin da na tattaro kan zuwa Yankari

Na tambayi waɗanda suka taɓa zuwa Yankari, gandun namun daji da ke jihar Bauchi, lokacin da ya fi dacewa a je, kusan kowa rani ya ce, daga Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin ciyawa ta bushe dabbobi na taruwa bakin kogin Gaji, to nan ne ake dacewa da giwaye, amma fa sai ka fita da sassafe ko la'asar sakaliya kuma tare da ɗan rakiya.

Maganar gwaggon biri kam an nanata ta sosai, wai kar ka bar ƙofar ɗaki ko gilashin mota a buɗe, leda ma a hannunka fizgewa suke. Ni wannan ya fi damuna saboda yara.

Ka cika tanki tun daga Bauchi, ka riƙe tsabar kuɗi. Kayan wanka kuma dole, ruwan Wikki, maɓuɓɓugar da ake wanka a cikinta a gandun, ɗuminsa digiri 31 ne dare da rana.